AGOGON KAKATA: KWANA BIYAR A ƘASAR DAMBATTA

'Yan uwana mata, musamman 'yanmata da ɗaliban makarantun kwana masu aiko mini da saƙo kullum suna tambayar yaushe littafi na gaba zai fito. Ku ƙara haƙuri, yana hanya. A wannan fitowar labarin wata tafiya na kawo muku, duk da dai wadda ta daure ta karanta har ƙarshe za ta ga ba a rasa soyayya a ciki ba.

Kowaccenmu ta san ba a gama jeren amarya sai an kafa agogon bango. Wani mai ruwan gwal, wani mai hoton Ka'aba, wani har da furanni masu walƙiya. Amma tsakani da Allah, mu nawa ne muke duba lokaci a jikinsa? Wata shida bayan biki batir ya mutu, agogo ya tsaya a ƙarfe huɗu saura kwata, haka zai zauna har a yi suna. Ita kanta kalmar agogo aro muka yi daga Yarabawa, a wurinsu ƙararrawa take nufi, kuma ƙarfe biyu da ƙarfe uku da muke faɗa, ƙarfen da ake kaɗawa ne don a sanar da mutane sa'a. Ke nan da kunne kakanninmu suka fara sanin agogo kafin su san shi da ido.

Abin da ya kai ni ƙauyenmu na wajen uba, can ƙasar Dambatta, bikin ƙanwata ne 'yar Baffana da aka sa bayan kaka. Babanmu ya ce in je in ga abin da aka tanada na kayan ɗaki, don ya ji ƙishin-ƙishin wai rigima ta tashi tsakanin Baffa da mahaifiyarsu, kuma wai a kan agogo. Ni dariya ma abin ya ba ni da farko.

Muka bi titin Katsina, muka wuce Kurna da Rijiyar Lemo, a Dawanau muka bar manyan motocin hatsi suna ta lodi muka ɗauki hanyar Kazaure da Daura. Daga nan fa 'yar uwa ki buɗe ido. Tun daga bakin birni har Dambatta, tafiyar wajen mil 30, da wuya ki ga wurin da za ki kira daji. Gona ce ta haɗu da gona, gida ya hango gida, iyakar wannan da wancan 'yar gamba ce kawai ko jerin lalle. An riga an yi girbi, an jingine dammunan kara a gindin bishiyoyi, shanun Fulani sun bazu suna kalar abin da ya rage suna bar wa mai gona taki. Ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya, kowacce da mai ita, ba mai saran reshe sai da izini. Ga kuma gawo, bishiyar da ta saba wa kowa, da damina ta zubar da ganye ta bar shuka ta sha rana, da rani kuma ta yi kore shar. Wani Bature masanin ƙasa mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin wannan karkara ta kewayen Kano shi da abokin aikinsa, suka fitar da shi a 1965. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda ake noma gona ɗaya duk shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, saboda taki da ake jido mata, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga cikin birni. Jakunan sun ragu, kura da babur mai ƙafa uku sun karɓe su, amma har yau in kika ga tsibi-tsibin taki a gona kin san mai ita ba rago ba ne.

Sai dai abin da ido ba ya gani daga cikin mota shi ne yadda gonakin ke ƙanƙancewa. Duk mutuwa sai an raba gado. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai yanzu gida biyar ke ci a cikinta. Wannan ne tushen rigimar da na je na tarar.

Na isa da la'asar sakaliya. Ina yin sallama Kaka ta leƙo ta ce, "Wa nake gani kamar kishiya? To mijin da kike zuwa ƙwace mini ai ya tafi, sai ki koma." Na ce, "Ai gadona na zo karɓa, tsohuwa mai ran ƙarfe." Ta kai mini duka da mafici muna dariya.

Ɗakinta na ƙasa ne, an shafe shi da siminti daga waje, ciki kuwa ga gadon ƙarfe mai rumfa, ga jeren tasoshi da fanteka sun dushe. Can saman bangon gabas, a jikin wata ƙatuwar ƙusa, ga agogon. Akwatin katako ne mai ruwan ƙasa, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, da ƙofar gilashi. Fuskarsa fara ce da ta koma ruwan madara, da ramuka biyu na sa makulli, a ƙasa kuma wani faifan ƙarfe yana rataye, wanda a da yake lilo dama da hagu. Na hau kujera na haska da fitilar waya, na ga an rubuta Smiths Enfield. Tun ina yarinya nake ganinsa, ban taɓa karanta sunan ba sai ran nan.

Da dare bayan mun ci tuwon dawa miyar kuka, Kaka ta ba ni tarihinsa. Ta ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano aka kawo ta gidan nan, wato 1956, zamanin Sarki Sanusi na farko. A shekarar gyaɗa ta yi kyau. Ku 'yan yanzu ba ku san abin da gyaɗa ta yi wa ƙasar Kano ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, manoma suka duƙufa kan gyaɗa, kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant, daga baya U.A.C., suna saye, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna tara buhuna har a yi dala. Kuɗin gyaɗa ne ya kawo keke da kwanon rufi da keken ɗinki cikin ƙauyuka, har cutar da ta afka wa gyaɗar a 1975 ta karya harkar. To kakanmu, Allah ya jiƙansa, da ya sayar da tasa gyaɗar, abokansa kowa ya sayi keke, shi kuwa ya shiga kanti a Kano ya sayo agogo, ya naɗe shi da bargo ya rungumo shi a cikin motar lodi, ya zo ya kafa a ɗakin amarya. Kaka ta ce daren farko da ya buga ƙarfe goma sha biyu, da gudu ta fita tsakar gida tana salati, ta zaci aljanu ne.

"Mutanen gari har zuwa suke kallo," in ji ta. "Da can ai da inuwa muke sanin azahar, da zakara da gamzaki muke sanin asuba. Da azumi sai liman ya aiko yaro ya tambayi Malam ƙarfe nawa." Duk ranar Juma'a in ya sauko daga masallaci, kafin ya cire babbar riga, sai ya shigo ɗakinta ya yi wa agogon wani, ko da kuwa ba ranar girkinta ba ce. Ta yi murmushi ta ce, "Abokan zamana biyu sun yi ta ƙorafi, ya ce su yi haƙuri, agogo ya zo dubawa." Kun ji fa dabarar mazan da! Da ya sayi rediyo kuma, sai ya riƙa daidaita shi da sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957. Bayan rasuwarsa ita ta ci gaba da wanin, har shekara uku da suka wuce agogon ya tsaya cak.

Washegari Baffa ya kira ni zaure ya faɗa mini nasa ɓangaren, kuma wallahi na tausaya masa. Ga biki saura mako shida, gado da katifa da kujeru sun yi tsadar da ba a magana, dangin miji kuma 'yan cikin gari ne masu ido. Abin da ya rage masa shi ne ya jinginar da 'yar gonarsa ta bakin fadama, kuma kowa ya san gonar da ta shiga jingina ba kasafai take dawowa ba. Ana cikin haka wasu samari biyu suka zo a kan babur, irin masu yawon sayen tsofaffin kaya, suka ce masa tsofaffin agogunan Ingila akwai wani sinadari a cikinsu wai shi jar zaiba, wanda ake saye da miliyoyi. Su ba su za su biya ba, za su dai tafi da agogon Kano a gwada, in an samu a raba. Baffa ya ce, "'Yata, ke kin yi boko. Abu yana rataye ba ya motsi, ga yarinya za ta shiga gidan miji da kunya. Ki taya ni yi wa Inna magana." Ita kuwa Kaka ta rantse agogon ba zai bar bangon ba sai bayan an fitar da gawarta.

Na ce, "Baffa, a ba ni kwana ɗaya, a samo wanda ya san agogo ya duba a gabanmu."

Ranar kasuwar Dambatta muka shiga gari ni da wani ƙanena. Muka ratsa kara, inda ake cinikin shanu da raƙuma da tumaki, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka, muka yi ta tambaya har aka nuna mana wata 'yar rumfa. Wani dattijo ne siriri da tabarau mai kauri, gabansa akwatin gilashi cike da agogunan hannu matattu. Ya ce yau sana'ar ta koma canza batir da sa maɗauri, amma shi a Kano ya koya tun yana saurayi, wajen wani maigidansa da ke gyara agogunan ofisoshi da na ma'aikatan jirgin ƙasa. Da na ambaci sunan da na gani a fuskar namu, sai ya gyara zama. Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci ya fito da wani agogo zagayayye kamar faifai, gilashinsa ya fashe, katakonsa ja mai duhu irin na maɗaci.

"Wannan shi ne na Ingila na asali, ya girmi naku nesa ba kusa ba," in ji shi. Ya buɗe bayansa ya nuna mini. Faranti biyu ne na tagulla masu kauri, a tsakaninsu ga wani ƙarfe mai siffar katantanwa, da 'yar siririyar sarƙa kamar ta keke ta naɗe shi. Ya ce sifirin ɗin agogo in an yi masa wani yana da ƙarfi sosai, in ya kusa warwarewa kuma sai ya yi sanyi, to da an bar shi haka da agogo ya yi ta gudu ranar Asabar ya koma jan ƙafa ranar Alhamis. Shi ne aka yi wannan katantanwa: lokacin da sifirin ke da ƙarfi sarƙar tana ja daga siririn bakin, in ya yi rauni tana ja daga mai faɗin, sai ƙarfin ya zo daidai duk mako. Na daɗe ina kallon abin nan. Ko ni da lissafi bai taɓa zama abokina ba a makaranta, sai da na gane.

Da na dawo gida na bi diddigin masu ƙera su, kuma tarihin ya fi wasu littattafan soyayyar daɗi. Shi agogo mai lilo wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya ƙirƙiro shi a 1656, amma maƙeran Landan ne suka ɗauke shi suka kai shi inda ya kai, irin su Thomas Tompion wanda ya rasu a 1713, da abokin aikinsa George Graham. Akwai wata unguwa a Landan mai suna Clerkenwell wadda ta zama kamar unguwar maƙera a wurinmu, wannan gida yana yanka haƙora, wancan yana yin sifirin, wani fentin fuska kawai ya iya. Shi ya sa sau da yawa sunan da ke rubuce a fuskar tsohon agogon Ingila na mai kantin da ya sayar ne, cikinsa kuwa aikin wasu ne, kamar kamfanin Thwaites & Reed. Irin zagayayyen nan mai fuska inci 12 shi aka riƙa kafawa a tashoshin jirgi da makarantu da kotuna, kuma shi ya biyo Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka.

Wani abin dariya, a 1797 gwamnatin Ingila ta rasa kuɗin yaƙi da Faransa, sai Firayim Minista William Pitt ya sa wa agogo haraji, kamar dai jangali. Agogon gida sule biyar a shekara, na aljihu na zinariya sule goma, na azurfa sule biyu da sisi. Mutane suka ɓoye nasu suka daina saye, maƙera suka shiga yunwa, ba shiri aka soke dokar a 1798. Kuma kada ki zaci su Turawan sun daɗe da lokaci guda. Kowane gari da nasa yake bi, birnin Bristol yana bayan Landan da minti goma, sai da jirgin ƙasa ya zo ya tilasta musu bin agogo ɗaya, aka mayar da shi doka a 1880. Agogon GMT da kike ji a rediyo, na wata unguwa ce a Landan mai suna Greenwich. Namu na Nijeriya yana gabansa da awa ɗaya tun 1919.

Namu agogon kuwa ɗan baya-bayan nan ne. Wani mai suna Samuel Smith ya buɗe shagon agogo a Landan a 1851, zuriyarsa suka mayar da shi babban kamfani, har mitar gudu ta motocin Ingila su ke yi. Shi kuma kamfanin Enfield an kafa shi a 1929 da injuna da gwanaye daga Jamus, Smiths suka saye shi a 1933, bayan yaƙin duniya na biyu aka mayar da aikin yankin Wales. Da inji suke buga su dubbai-dubbai don talaka ya iya saye. Da agogon batir na Japan ya fito, wanda kamfanin Seiko ya fara sayar da na hannu a 1969, kasuwarsu ta fara mutuwa, zuwa ƙarshen shekarun 1970 suka bar sana'ar.

Da yamma ƙanena ya ɗauko dattijon a babur. Kaka ta yarda a sauke agogon bisa sharaɗin ba zai wuce tabarmar ƙofar ɗakinta ba. Gida ya cika, har matan maƙwabta sun leƙo ta kan danga. Ya kwance fuskar, ya fito da cikin ya ɗora a kan farin ƙyalle, ya ce, "Alhaji matso ka duba da idonka." Tagulla ce da baƙin ƙarfe, sai ƙura da ta daskare, sai gidan zanzaro a lungun akwatin. Ya ce shekararsa hamsin yana buɗe agogo bai taɓa ganin wata jar zaiba ba. Gaskiyarsa kuwa, babu ita, tsohuwar damfara ce, irinta aka yi a Saudiyya a 2009 mutane suka yi ta rububin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer. Abin da ke akwai shi ne wasu agogunan masana na da can da ake sa wa zaiba ta gaske, fara, a cikin kwalba a jikin lilonsu, dabarar da George Graham ya fito da ita a 1721 don kada zafi ya canza musu tafiya. Ita ma guba ce, kuma ba a sa ta a agogon gida irin namu. Baffa ya tambayi nawa agogon zai yi in an sayar. Dattijon ya ce ko ya yi sa'a da wuya ya kai kuɗin buhun gero biyu.

Tsit aka yi. Baffa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ni kuwa sai na ji hawaye na neman zubo mini, don na san lissafin da yake yi a zuci.

Shi dai dattijo ya ci gaba da aikinsa. Ya wanke haƙoran da kananzir da ɗan buroshi, ya shanya su, ya ɗiga mai da bakin allura. Ya gano abin da ya kashe shi: wani yaro mai son taimako ya taɓa ɗura masa man gyaɗa, shi kuwa man gyaɗa in ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama danƙo. Ya gargaɗe mu da abubuwan da zan so duk mai irin wannan agogo a gidansu ta riƙe. Kada a juya dogon hannu baya, gaba ake kai shi, a tsaya ya gama bugawa kafin a wuce. Da bazara ƙarfen lilon yana miƙewa saboda zafi sai agogo ya riƙa latti, sai a ɗan murɗa noti na ƙasan faifan ya hau sama, da sanyi kuma a sassauta. In an kafa shi a karkace zai riƙa ɗingishi a sauti har ya tsaya, bangon ƙasa kuma yana motsi da damina, don haka a riƙa saurare. A kuma riƙa duba bayansa saboda gara.

Gab da magariba ya mayar da shi kan ƙusarsa, ya miƙa wa Kaka makulli ya ce, "Hajiya bismilla." Ta kwance bakin zaninta, ashe nata makullin na nan ƙulle shekara uku. Ta hau turmi muna riƙe da ita, ta yi wanin ramukan biyu, ta taɓa faifan da ɗan yatsa. Da ya buga shida ba ta ce komai ba, ta shige ɗaki ta sako labule.

Bayan isha ta aika a kira Baffa. Ina kwance a gadonta na yi kamar barci nake. Ta ce masa tumakinta huɗu da ke wajen Fulani a kai biyu kasuwa, da buhunan wakenta, da tasoshin jerenta in akwai mai so. Gona kuwa ko da wasa kada ta ji an kai ta jingina. Baffa ya ce, "Inna, ba za su kai kujeru ba." Ta ce, "To a yi gado da katifa da kwanuka, kujeru su jira kaka mai zuwa. Dangin miji in sun yi magana a turo mini su." Babanmu da na faɗa masa ta waya ya ce shi zai ɗauki katifar. Ita amaryar ta sha kuka a kan kujerun nan, kwana biyu ba ta yi mini magana sosai ba, kuma ban ga laifinta ba, ita za ta zauna da gorin. Da na tambaye ta ko tana son a roƙa mata agogon Kaka, ta zaro ido ta ce Allah ya kiyaye, ita mai ruwan gwal take so. Na yi alkawarin zan taho mata da shi daga kasuwar Sabon Gari.

Daren ƙarshe ban yi barcin kirki ba, duk rabin awa sai ya buga, ita kuwa tsohuwa har da minshari. Da safe ina haɗa kaya ta cusa mini ƙullin daddawa da kuka da soyayyiyar gyaɗa. Na ce, "Kaka, in kin gaji da hawa turmi ki bar mini shi in kai birni." Ta ce, "Ki fara kawo mijin tukuna in gan shi, in ya iya zuwa duba agogo duk Juma'a sai mu yi magana."

Biki dai yana nan ranar da aka sa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.